MICHAEL FARADAY: ƊAN MAƘERIN DA YA SHIGA KEJI DON YA GA GASKIYA DA IDONSA

Ina godiya ga Malam Edita da ya ba ni wannan fili. Da ya aiko mini cewa a fitowar bana ana son kowane aji ya kawo tarihin wani shahararren mutum da ya daɗe da barin duniya, ban yi dogon tunani ba, domin akwai wani bashi da 'yan ajinmu suka ci tun muna makaranta, har yau ba mu biya ba. Wannan rubutu ƙoƙari ne na rage wannan bashi.

'Yan ajinmu za su tuna wata rana muna aji biyar, Malamin Fiziks ya zana ƙwallon ƙarfe a allo yana koya mana darasin kwandakta. Ba na motar haya ba, a'a, watau duk abin da lantarki ke ratsawa cikin sauƙi, kamar jan ƙarfe. Ya ba mu ƙa'idoji 3 na cikakken kwandakta idan caji ya natsu a jikinsa. Na farko, cajin yakan taru a fatarsa ta waje. Na biyu, a cikin cikinsa babu filin lantarki ko kaɗan, watau babu ƙarfin da zai ja caji ko ya tura shi. Na uku, duk jikinsa a matakin bolt ɗaya yake. Sa'an nan ya ƙara da cewa duniyar nan ita ma babbar kwandakta ce, shi ya sa ake binne waya a ƙasa idan ana haɗa wutar gida.

Sai wani abokinmu da ke zama a bencin baya ya ɗaga hannu. Ya tambaya, in har babu lantarki a cikin duniya, me ke jan allurar kamfas, kuma don me masu haɗa wuta suke zuba gishiri da gawayi a ramin da za su binne ƙarfen? Muka kwashe da dariya. Malam kuwa bai yi dariya ba. Ya nuna mana cewa tambayar ta fi darasin ranar daraja, kuma amsarta na cikin tarihin Michael Faraday, mu je laburare mu nema. Aka kaɗa ƙararrawa, muka watse zuwa ɗakin cin abinci. Iyakar sanina babu wanda ya je. Muka haddace ƙa'idojin, muka ci jarrabawa, muka bar tambayar a bencin baya.

ƘURUCIYARSA

An haifi Michael Faraday ranar 22 ga Satumba, 1791, a Newington Butts, wadda yanzu take cikin kudancin birnin Landan. Mahaifinsa James maƙeri ne wanda rashin lafiya ta yawaita hana shi aiki, saboda haka gidan ya san talauci ƙwarai. Shi ne na uku cikin 'ya'ya huɗu. Karatun da ya samu a makaranta bai wuce koyon karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana da shekara 13 ya zama yaron aike a kantin wani mai sayar da littattafai, George Riebau, kuma a 1805 aka ɗauke shi almajirin sana'ar ɗinkin littattafai na tsawon shekara 7.

To, a nan ne Allah ya buɗe masa ƙofa. Sauran yara suna ɗinke littafi su miƙa, shi kuwa sai ya karanta abin da yake ɗinkewa. Ya karanta babin lantarki a cikin kundin Encyclopaedia Britannica, ya karanta littafin kimiyyar sinadarai na wata mata mai suna Jane Marcet. Abin da ya bambanta shi da mu shi ne bai tsaya ga karatun ba. Da 'yan kuɗin da yake samu yakan sayi tarkace ya gwada abin da littafin ya faɗa, ya ga ko haka ne. Wansa Robert, wanda shi ma maƙeri ne, shi ke biya masa sule guda na shiga laccocin kimiyya da ake yi da yamma a gidan wani maƙerin azurfa mai suna John Tatum.

A 1812 wani mai hulɗa da kantin ya ba shi tikitin sauraren laccoci 4 na Humphry Davy, babban masanin sinadarai na Ingila a lokacin, a cibiyar kimiyya ta Royal Institution. Faraday ya rubuta duk abin da ya ji, ya gyara shi tsaf da zane-zane, ya ɗinke shi ya zama littafi mai shafi wajen 300, ya aika wa Davy tare da takardar neman aiki. A watan Maris na 1813 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje, a kan albashin sule 25 a mako. Wanke kwalabe da share tebur na cikin aikinsa.

Daga Oktoban 1813 zuwa Afrilun 1815 ya raka Davy rangadi a Faransa da Italiya da Suwizalan. Tafiyar ta zama jami'arsa, domin ya ga manyan masana irin su Ampère da Volta ido da ido. Amma ya sha wulaƙanci a hannun matar maigidansa, wadda ta ɗauke shi bara, har yakan ci abinci tare da barori. Ya daure, mahaƙurci mawadaci.

A 1820 wani masani ɗan Denmark, Ørsted, ya gano cewa wayar da lantarki ke bi tana karkatar da allurar kamfas. A Satumban 1821 Faraday ya sa waya mai ɗauke da lantarki ta riƙa kewaya maganaɗisu ba tsayawa, kuma wannan shi ne kakan duk injin da lantarki ke juyawa, tun daga fanka har injin niƙa. A wannan shekara ce ya auri Sarah Barnard, amma Allah bai ba su haihuwa ba. Da sunansa ya fara fita, sai dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da maigidansa, har Davy ya yi adawa da zaɓensa cikin ƙungiyar masana ta Royal Society. Duk da haka aka zaɓe shi a 1824. A shekarar da ta biyo baya ya gano sinadarin benzin, ya kuma zama daraktan ɗakin gwaje-gwajen da ya fara shiga a matsayin mai wanke kwalabe.

Babban aikinsa ya zo ne a 1831. Ranar 29 ga Agusta ya naɗa wayoyi biyu daban-daban a kan zoben ƙarfe, ya ga cewa duk lokacin da ya kunna ko ya kashe lantarki a ɗaya, sai allurar ma'auni ta motsa a ɗayar. Daga nan ya tabbatar da cewa idan kwandakta ya gitta ta cikin filin maganaɗisu, ko filin ya sauya a kusa da shi, lantarki yakan haifu. Ya juya faifan jan ƙarfe a tsakanin bakunan maganaɗisu ya sami lantarki mai ɗorewa. Janaretan da ke ƙara a bayan gidajenmu da injinan madatsar Kainji duk a kan wannan ƙa'ida suke aiki. Da yake ba shi da zurfin lissafi, sai ya riƙa kwatanta abin a zuciyarsa kamar wasu layuka marasa ganuwa da suka cika sarari. Masu lissafi sun raina wannan tunani, sai da James Clerk Maxwell ya mayar da shi lissafi daga 1855 sa'an nan aka gane zurfinsa. Kalmar fili da Malam ya yi ta maimaita mana daga nan ta samo asali.

KEJIN DA YA GASKATA MALAM

Tun a 1755 Benjamin Franklin na Amurka ya lura cewa idan aka caja gwangwanin ƙarfe aka zura ɗan ƙwallon toto a cikinsa, babu abin da ke jan sa. Faraday bai gamsu da gwangwani ba. A Janairun 1836 ya sa aka gina masa wani ɗaki na katako a zauren lacca na Royal Institution, tsawo da faɗi da bisa duk ƙafa 12. Aka lulluɓe shi da wayar jan ƙarfe da takarda da fallen kuza, aka ɗora shi a kan abin da zai raba shi da ƙasa. Aka caja shi da babban inji har tartsatsi na tashi daga kowace kusurwa ta waje. Shi kuwa ya shiga ciki ya zauna, da kyandirori a kunne da ma'aunansa mafiya saurin jin caji. Ko gezau ba su yi ba. Gani ya kori ji.

Dalilin kuwa mai sauƙi ne. A cikin ƙarfe akwai caji masu 'yancin yawo. Da zarar wani fili ya nemi kutsawa, sai su ruga su jeru a fatar waje ta yadda turinsu zai soke shi daidai wa daida. Ba za su daina motsi ba sai filin cikin ya zama sifiri, domin in da saura, da ba su natsu ba. Wannan shi ake kira kejin Faraday har gobe. Shi ya sa wanda ke cikin mota mai rufin ƙarfe, da gilasai a rufe, yakan tsira idan aradu ta faɗa mata. Jikin motar ne ya kare shi, ba tayoyin roba ba kamar yadda muka taso muna ji. Shi ya sa kuma wayar hannu takan rasa sabis a cikin kwantena. Amma a lura, kejin jan ƙarfe ba ya hana kamfas nuna arewa. Filin lantarki yake tarewa, filin maganaɗisun duniya kuwa yana ratsa shi lafiya lau.

Ashe dai Malam bai faɗi ƙarya ba. Saura tambayar bencin baya. Don a amsa ta, sai mu koma baya da shekara 4, mu tarar da Faraday tsaye a kan gada.

GADAR DA TA BA SHI KUNYA

Bayan nasarar 1831, Faraday ya yi wani tunani. Duniya tana da filin maganaɗisu, ruwan kogi kuma, musamman mai gishiri, kwandakta ne mai tafiya. Ke nan Kogin Thames da ya ratsa Landan ya kamata ya zama janareta, a sami bambancin bolt tsakanin gaɓarsa ta hagu da ta dama. A Janairun 1832 ya shimfiɗa wayar jan ƙarfe mai tsawon ƙafa 960 a kan Gadar Waterloo, ya zura faranti a ruwa ta kowane gefe, ya haɗa da ma'auninsa. Allura ta motsa, amma motsin banza, babu tsari. Abin da yake nema ƙanƙane ne, bai kai kashi 2 cikin 100 na bolt ɗaya ba. Sinadaran ruwa da ke taɓa farantan sun haifar da nasu lantarkin wanda ya danne shi, kuma wani kaso yana zurarewa ta laka da ƙasan kogin.

Abin da ya burge ni shi ne abin da ya yi bayan haka. A lokacin sunansa ya kai ko'ina, kuma allurar ta motsa, da ya so da ya zaɓi 'yan alƙaluman da suka dace da ra'ayinsa ya ce ya yi nasara. Bai yi haka ba. A cikin rahoton da ya gabatar wa Royal Society ya bayyana yadda ya shirya gwajin, da abin da ya yi tsammani, da cewa bai samu ba. Ya bar wa na baya su gwada da kayan da suka fi nasa. Aka kuwa gwada. Bayan an shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa a 1851, an ga bolt na hawa da sauka a jikinta tare da cikowa da janyewar teku. Daga 1982 kuma masana a Amurka suka shiga amfani da wayar ƙarƙashin teku wajen auna yawan ruwan da ke gudu tsakanin Florida da tsibiran Bahamas. Gwajin da ya faɗi a hannunsa ya zama ma'auni a hannun jikoki.

TO, DUNIYA CIKAKKIYAR KWANDAKTA CE?

Amsar ta rabu biyu. Idan maganar caji mai natsuwa ce, duniya tana bin ƙa'idar keji. Ko a cikin dutse, in aka ajiye rarar caji, yakan gudu zuwa fatar ƙasa kafin ƙiftawar ido. Duniya ma tana da nata cajin a fatarta, mai alamar ragi, kimanin kulom 500,000, kuma saboda shi ne a ranar da gari ya yi garau ake samun bambancin bolt wajen 100 a kowace mita idan ana hawa sama daga ƙasa. Ba ya jan mu ne domin iska ba ta isar da lantarki sosai, jikinmu kuma a haɗe yake da ƙasa. Wannan caji kullum yana yoyo ta cikin iska, da ba a sake cika shi da ya ƙare cikin ƙasa da awa guda. A 1920 C. T. R. Wilson ya kawo bayanin cewa hadari da tsawar da ake yi a sassan duniya su ne ke cika shi. Ashe tsawar damina da ke firgita mu tana cikin masu wannan aiki.

Amma idan lantarki yana gudana, sai labari ya sha bamban. A cikin cikakken kwandakta lantarki yana wucewa ba tare da turjiya ba. Ƙasa kuwa tana da turjiya, kuma duk inda lantarki ya ratsa turjiya dole a sami fili da bambancin bolt. Jan ƙarfe ya fi ruwan teku isar da lantarki fiye da sau miliyan 10, ruwan teku kuma ya fi busasshen dutse sau dubbai. Ga amsar gishiri da gawayi ke nan: busasshiyar jar ƙasarmu ta rani ba ta karɓar lantarki da kyau, shi ya sa masu haɗa wuta ke neman rage turjiyar ramin da riƙe masa danshi. Haka kuma idan aradu ta faɗa wa bishiya, lantarkin yakan bazu cikin ƙasa yana raguwa da nisa, har a sami babban bambancin bolt tsakanin taku ɗaya da na gaba. Saniya da ke da tazara tsakanin ƙafafun gaba da na baya ta fi mutum shiga haɗari, shi ya sa akan ji tsawa ɗaya ta kashe shanu da yawa a garke. Da ƙasa cikakkiyar kwandakta ce, da wannan tazara ba ta zama ajalinsu ba.

Faraday yana raye aka ga babbar shaida. A farkon Satumban 1859 wata gagarumar guguwa daga rana ta girgiza filin maganaɗisun duniya, kuma bisa ƙa'idarsa ta 1831, wannan sauyi ya haifar da lantarki a cikin ƙasa da dogayen wayoyi. Tangaraho ya rikice a Turai da Amurka, har ma'aikatan layin Boston zuwa Portland suka cire batir suka yi ta aika saƙo na kusan awa 2 da wannan lantarkin kawai. Irin haka ta sake faruwa ranar 13 ga Maris, 1989, inda wutar lardin Quebec na ƙasar Kanada ta ɗauke na awa 9. Duwatsun yankin masu turjiya ne ƙwarai, sai lantarkin ya zaɓi bin wayoyin wuta.

Saura allurar kamfas. A 1600 William Gilbert ya ce duniya kanta babban maganaɗisu ce, a ƙarshen shekarun 1830 kuma Gauss na Jamus ya nuna da lissafi cewa kusan duk filin daga cikinta yake fitowa. Sai dai ba zai yiwu a ce wani sandan maganaɗisu ne a binne ba, domin ƙarfe yakan rasa maganaɗisunsa idan zafi ya wuce digiri 770, cikin duniya kuwa ya haura digiri 4,000. Mu ɗauki duniya kamar ƙwai. Ɓawon shi ne inda muke zaune, farin shi ne duwatsun da suka kai zurfin kilomita 2,900, gwaiduwar kuma ƙarfe ce da nikel. Wajen gwaiduwar narkakke ne mai kaurin kilomita wajen 2,200, tsakiyarta kuma, wadda Inge Lehmann ta gano a 1936, daskararriya ce. Narkakken ƙarfen nan kwandakta ne mai kyau, yana motsi saboda zafi da juyawar duniya, yana gitta filin maganaɗisu, yana haifar da lantarki, lantarkin kuma yana sake haifar da filin. Walter Elsasser da Edward Bullard ne suka kafa wannan bayani daga shekarun 1940, kuma misalin da Bullard ya yi amfani da shi a 1955 faifan Faraday ne aka yi wa kwaskwarima. Da gwaiduwar cikakkiyar kwandakta ce, da lantarkinta ya dawwama ba tare da an tura shi ba. Da yake tana da turjiya, in motsin ya tsaya filin zai dushe cikin 'yan dubban shekaru goma-goma, alhali duwatsu sun nuna ya haura shekara biliyan 3 yana nan. Kogin da Faraday ya nema a ƙarƙashin gada, ashe babbansa na gudana a ƙarƙashin ƙafafunmu.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Wajen 1839 gajiya da mantuwa suka kama shi, ya yi shekaru bai yi aikin kirki ba. Ya dawo a 1845 ya gano cewa maganaɗisu yana da tasiri a kan haske. Ya yi wa ƙasarsa hidima: daga 1836 zuwa 1865 shi ne mai ba da shawara a kan fitilun gaɓar teku masu shiryar da jiragen ruwa, kuma a 1844 shi da Charles Lyell suka binciki fashewar mahaƙar kwal ta Haswell inda mutum 95 suka mutu. Laccocin Kirsimeti na yara da aka fara a 1825, waɗanda ya gabatar sau 19, har yanzu ana yin su. Mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista a wata ƙaramar ɗariƙa, mai gudun duniya. Sau biyu ana miƙa masa shugabancin Royal Society yana ƙi. A 1858 Sarauniya Biktoriya ta ba shi gida a Hampton Court, a nan ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1867, yana da shekara 75. An binne shi a maƙabartar Highgate. Ma'aunin nan na farad da ya ba mu wuya a aji shida sunansa ne, kuma hotonsa ya hau takardar fam 20 ta Ingila daga 1991 zuwa 2001.

BASHIN DA KE KANMU

'Yan'uwa, zan faɗa muku abin da ya mayar da ni ga wannan tarihi, ko da yake ba abin alfahari ba ne. A wurin aiki an taɓa tura ni da masu binciken ruwa wani ƙauye da za a haƙa wa rijiyar burtsatse. Na ga sun kafa turakun ƙarfe 4 a jere, suna tura lantarki ta biyun waje, suna auna bolt a biyun ciki. Inda dutse ya ruɓe ya riƙe ruwa turjiya takan yi ƙasa, inda yake ɗanye kuma takan yi sama. Dabara ce da Conrad Schlumberger na Faransa ya fara gwadawa a 1912. Ina tsaye a rana sai tambayar bencin baya ta faɗo mini, domin da ƙasa cikakkiyar kwandakta ce, da ma'aunin nan sifiri zai nuna ko'ina, babu mai gane inda ruwa yake.

Awo ya nuna ruwa na can gefen fadama. Amma wani mai faɗa a ji yana son rijiyar a ƙofar gidansa, inda awo ya nuna dutse zalla. Aka gyara rahoto ya dace da bukata, aka kawo mini. Na san gaskiya, na yi shiru, na sa hannu. Aka haƙa, aka kashe kuɗin talakawa, ƙura kawai ta fito. Da na koma bayan wata 6, na tarar da mata da yara suna tafiya mai nisa da jarkoki kamar da. Ƙasa ba ta karanta rahotonmu ba. A wannan makon ne na nemi tarihin da Malam ya ce mu karanta, na ci karo da Gadar Waterloo, na ji kunyar da har yau ba ta sake ni ba. Tun daga ranar ban ƙara sa hannu a kan alƙaluman da ban yarda da su ba, ko da yake hakan ya jawo mini tsaiko a wasu wurare.

Saboda haka ina da roƙo guda biyu ga wannan ƙungiya. Na farko, a ziyarar da na kai makarantarmu bara na leƙa ɗakin gwaje-gwaje, na tarar da ƙannenmu suna haddace ƙa'idar 1831 ba su taɓa ganin allura ta motsa ba. Waya da maganaɗisu da batir da ma'auni ba su kai kuɗin abincin taronmu na shekara ba. Mu saya musu, mu kuma roƙi malamai su bar yaro ya rubuta abin da ya gani, ko da bai dace da na littafi ba. Na biyu, ƙarfen kariyar tsawa da ke kan ɗakin kwanan ɗalibai, na ga wayarsa ta tsinke tana lilo, ba ta kai ƙasa ba. Ina roƙon injiniyoyin da ke cikinmu su je su gyara ta, su auna turjiyar ramin kafin damina ta faɗi. 'Ya'yan mutane ne ke kwana a ƙarƙashinsa.

Ga abokinmu na bencin baya, in wannan mujalla ta iske ka, ka yafe mana dariyar da muka yi maka, ga amsarka nan ta zo a makare. Ga Malam kuma, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama. Allah ya ɗaukaka makarantarmu, ya bar zumunci, amin.

Wassalam.